Daga Ingila: Yadda Kwamfuta Ke Auna Kitsen Jijiyar Zuciya

'Yan uwa na gida, masu turo hoton gwajin zuciya ta WhatsApp don a nuna wa likitan nan, ga yadda abin yake.

Tun 2016 NICE, hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ce mai ciwon ƙirji da ake zargin zuciya ce, a fara yi masa hoton CT na jijiyoyin zuciya. A asibitin gwamnati ba ka biyan ko sisi, sai dai jiran layi. A Amurka layin ba tsawo, amma aljihu ko inshora zai ji a jikinsa.

Rabin aikin shiri ne. Awa 12 kafin gwaji ba kofi, ba shayi, balle goro. Ana duba ƙoda saboda ruwan aidin da za a ɗura ta jijiyar hannu don jijiyoyin su fito a hoto. Ana son bugun zuciya ya sauko wajen 60 a minti, in ya ƙi a ba da metoprolol, maganin rage saurin bugun zuciya. Sai a fesa maganin buɗe jijiya a ƙarƙashin harshe. Wanda ya sha Viagra a kwanakin ya cire kunya ya faɗa, domin haɗuwar biyun na iya sa ƙarfin jini ya faɗi ƙasa sosai har ya zama haɗari. Ka riƙe numfashi kamar daƙiƙa 10, an gama.

Daga nan manhaja ta karɓa. Takan bi jijiyar yanka-yanka, ta zana bangonta, ta raba abin da ya taru bisa ma'aunin Hounsfield, lambar da ke nuna taurin abu a hoton CT. Daga 130 zuwa sama, a hoton da ba aidin, ya ƙandare da kalsiyam kamar alli. Ƙasa da 30 kitse ne mai laushi, kuma shi aka fi tsoro, don shi ke fashewa jini ya daskare a kai. Wata manhaja mai suna HeartFlow, wadda NICE ta amince da ita a 2017, har lissafin gudun jini take yi: sakamakon 0.80 ko ƙasa na nufin matsewar ta tauye jini.

Takan yi kuskure fa. Zuciya ta yi sauri ko bugunta ya rikice, hoto ya yi dishi-dishi, manhaja ta ƙi shi. Kalsiyam mai yawa yakan yi ƙyalli ya nuna ramin ya fi matsewa fiye da gaskiya. Shi ya sa sai likita ya duba ya sa hannu.

A gida akwai cibiyoyi masu CT, amma ka tambaya: na'urar ta kai mai ɗaukar yanka 64 a zagaye ɗaya? Tana daidaita ɗaukar hoton da bugun zuciya? Sannan kada ka tsaya a fim da takardar sakamako. Ka ce a zuba maka ainihin fayil ɗin hoton da na'urar ta fitar, wanda ake kira DICOM, a faifai, yanka bai kai kaurin milimita ɗaya ba. Hoton fim da aka ɗaga a jikin taga aka ɗauka da waya, babu manhajar da za ta auna shi.