Cotton da Williams: wa ke da ikon hukunta mai saɓa wa coci?

A Massachusetts, yankin mulkin mallakar Ingila a Arewacin Amurka, a shekarun 1630, malaman Furotesta biyu sun yi hannun riga kan wannan tambaya.

John Cotton, malamin cocin Boston tun 1633, yana ganin tsare addini aikin hukuma ne. Wanda ya kauce a kan tushen aƙida, a yi masa gargaɗi sau ɗaya ko biyu. In ya kafe, a hukunta shi, domin a ganin Cotton ya riga ya san gaskiya, taurin kai kawai yake yi. Nan ne hujjarsa ta fi damuna: alƙali ya zama mai karanta zuciyar mutum.

Roger Williams ya ce ikon hukuma ya tsaya kan jiki da dukiya, kamar sata da kisan kai. Ibada kuwa tsakanin bawa da Ubangijinsa ce, kuma ta dole munafukai take haifarwa. Ya ƙara da cewa sarkin Ingila ba shi da hurumin kyautar da ƙasar 'yan asalin wurin, sai an saya daga hannunsu. A wannan ina bayansa ɗari bisa ɗari.

Kotu ta yanke wa Williams hukuncin kora daga Massachusetts a 1635. Ya tsere cikin tsananin hunturu, ya kafa garin Providence a 1636 kan filin da ya samu daga mutanen Narragansett, wata ƙabilar 'yan asalin wurin.