Tukunyar ƙasa, ta roba ko ta siminti: abin dubawa kafin sayen fulawar baranda

Masu sayar da fulawa a bakin titi sun iya jera kaya. Komai kore shar, an yayyafa masa ruwa tun da safe, yana zaune a inuwar darbejiya. Mutum ya zaɓi wadda ta fi ɗaukar ido ya kai gida, bayan sati uku ta koma kara. Sau da yawa ba a cuce shi ba. Shukar ce ta baro inuwa da ban ruwa sau biyu a rana, ta faɗo kan tayil mai zafi a cikin 'yar tukunya.

Don haka kafin ka fita ciniki, duba ina barandarka ke fuskanta. Mai kallon gabas ita ce mai sauƙi: hantsi ya same ta, kafin azahar inuwa ta rufe. Matsalarta guda, daga gabas hadarinmu ke tasowa, iskar farkon damina kuwa ba ta barin tukunya marar nauyi a tsaye. Mai kallon yamma ita ce mai wuya. Daga azahar har magariba rana na dukanta, bango ya ɗauki zafi ya riƙe har bayan isha'i, ga shi a watan Afrilu zafin Kano, Sakkwato da Maiduguri kan haura digiri 40. Mai kallon kudu tana shan rana sosai a hunturu, mai kallon arewa kuwa yawancin shekara inuwa ce.

Sai maganar tukunya, wadda a ganina ta fi shukar muhimmanci.

Tukunyar ƙasa tana tsatsar da ruwa ta jikinta, ruwan ya bi iska, cikinta ya yi sanyi. Abin da ke sanyaya ruwan randa shi ne ke kare saiwa daga dahuwa. Amma wannan sanyin da ruwa ake biyansa: a bazara ƙasar ciki kan bushe a wuni guda, kuma wanda ke sayen ruwa a jarka wajen 'yan garuwa zai ji a aljihunsa. In za ka saya, ƙwanƙwasa ta da yatsa kamar yadda iyayenmu mata ke yi. Wadda ta gasu tana amsawa ƙarau, wadda ba ta gasu ba ko mai ɓoyayyen tsagu sautinta a dushe yake, kuma damina biyu za ta fara zubar da ɓawo. Tukwanen da ake kawowa daga wajen Ushafa da Suleja suna da kyan gini da zane, amma ta maginan garinku ma ta wadatar, in dai ka roƙa a huda mata gindi kafin a gasa. Tsohuwar randar da ta fara yoyo kuwa kada a jefar, babu abin da ya fi ta dacewa. Farin abin da ke fitowa a jikin tukunya bayan wata biyu gishirin ruwan burtsatse ne, a goge shi da soso.

Ta roba ta fi araha, ba nauyi, tana kuma riƙe danshi. Ga baranda mai inuwa, ko ga wanda ke wuni a kasuwa ko ofis, ita ce daidai. A rana ne take ba da kunya. Baƙar roba tana ɗaukar zafin da ke ƙone saiwoyin da ke jingine da jikinta, kuma bayan shekara ɗaya ko biyu robar kan yi ƙamas, ka ɗaga ta baki ya ɓalle a hannunka. In roba za ka saya, nemi fara ko mai haske, mai kauri. Bokitin fenti na lita 20 ya fi yawancin tukwanen ado na kanti ƙarko. A wanke shi tas, a zafafa ƙusa a huda gindin wuri biyar ko shida, a shafa masa fenti kalar bangon gida.

Ta siminti ita ce ta mai gidan kansa. Iska ba ta kayar da ita, akuya ba ta ture ta, mai ɗauke-ɗauke ma sai ya nemo abokin kamawa. Ɗan haya da bai san inda zai kasance baɗi ba ya yi tunani tukuna, haka wanda barandarsa ke saman bene. Sabuwa tana fitar da kaifin siminti, don haka a cika ta da ruwa a zubar na wasu kwanaki kafin a zuba ƙasa. Tana riƙe zafi ita ma, shi ya sa farin fenti ya fi mata.

Ga mai baranda ta yamma akwai dabarar da ta haɗa biyu. A dasa shukar a roba, a saka robar cikin tukunyar ƙasa da ta fi ta faɗi, a cika tsakaninsu da yashi a riƙa jiƙa shi. Irin wannan tukunya cikin tukunya ce Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yaɗa don adana tumatir da gauta ba tare da lantarki ba, har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Robar na riƙe ruwa, tukunyar waje na sanyaya ta.

Girma kuwa, manya biyu ko uku sun fi ƙanana goma. Ƙaramar tukunya bushewa take kafin la'asar, ga tare hanya. Baranda wurin ajiye takalma ne, wurin shimfiɗa tabarma ga baƙo, wani lokaci har wurin shigar da babur da dare. Manya biyu a gefen ƙofa, ɗaya a kusurwa, shi ke nan.

Yanzu me za a dasa? A rana mai tsanani babu kamar kariya. Shukar dajinmu ce, tana tara ruwa a kumburarren gindinta, kuma a tsakiyar rani, lokacin da ta zubar da ganye, take fitar da fure ja-ja mai ratsin fari. Ruwa sau ɗaya ko biyu a sati ya ishe ta. Abin da ke kashe ta shi ne ruwan Agusta in ya kwanta a tukunya, gindin ya ruɓe. Sai dai ƙaronta guba ne na gaske, har dafin kibiya ake yi da shi a wasu sassan Afirka. Gidan da ke da yaro mai rarrafe ko awaki a sake, a haƙura da ita ko a ɗora ta inda hannu ba ya kaiwa. Alobera ma tana jure fari, ko da yake ranar yamma kan mayar da ganyenta ja-ja. Bogenbiliya, fulawar nan mai hawa katanga, tana son rana da babbar tukunya, kuma ta fi fure in an ɗan ja mata ruwa, amma ƙayarta ba ta san mayafin amarya ko babbar rigar Juma'a ba, kada a sa ta a ƙunƙuntar hanya.

A inuwa, moda ce ta farko. Dogayen ganyenta masu zane a miƙe suke, ba ta cin wuri, ƙurar hunturu ma da jiƙaƙƙen tsumma ake goge mata. Mai yawan ban ruwa ne kaɗai ke iya kashe ta.

Ni dai na fi karkata ga shukar da za ta shiga tukunyar miya ko butar shayi. Ɗaɗɗoya ba ta da wahala, ana tsinke kanta tana ƙara yaɗo. Na'a-na'a tana son ruwa kullum da rabin inuwa, kuma a ba ta tukunyarta ita kaɗai don mamaye maƙwabta take. Attaruhu in ya nuna ja a kan kore ya fi fulawa da yawa kyau. Ciyawar shayin nan mai ƙamshin lemun tsami tana yi a bokiti, amma kada mai sayarwa ya ce maka za ta kori sauro daga gida. Tsayuwarta a tukunya ba ta hana cizo. Abin da ke tara sauro shi ne farantin da ake sawa ƙarƙashin tukunya, domin sati guda zuwa kwana goma ya isa ƙwai ya zama sauro. A zubar da ruwansa ko a cika shi da yashi. Waɗannan shuke-shuken masu shan ruwa kullum, ruwan alwala in an tara shi a roba ya ishe su, amma banda ruwan wanki.

Wardi da sauran furannin da ake saukowa da su daga Jos suna da kyau a ranar saye. Jos tana kan tudu sama da mita 1,200, sanyinta daban. A Kaduna ko Zariya wasu kan jure in akwai inuwa. A Katsina ko Damagaram kuɗin ka kawai za ka binne. Fulawar roba kuwa a bar ta a falo, a waje rana na koɗar da ita.

Kada ka bari a cika maka tukunya da jar ƙasa zalla, dunƙulewa take ta hana saiwa numfashi. Haɗa turɓaya kashi biyu, yashi kashi ɗaya, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. Ga kariya da alobera a ƙara yashi. Ɗanyen kashin kaji ƙone shuka yake, kashin shanun da bai ruɓe ba kuma yana jawo gara. Tsingaro guda a kan hudar gindi ya isa, ba sai an jibga tsakuwa ba.

Wajen ciniki, ɗaga ledar ka duba ƙasanta. In saiwa ta huda leda ta kama ƙasa har sai an fizge ta, shukar za ta yi yaushi a hanya. In kuma ka ɗan ja kara ya taso ba turjiya, reshe ne aka soka shekaranjiya, bai yi saiwa ba. Juya ganye ka duba bayansa da hammatar rassa ko akwai farin ƙwaro mai kama da auduga, don guda ɗaya zai cika maka sauran. Zaɓi mai sabon toho, ko da ba ta da fure. Lokacin saye kuwa Yuni ne ko Yuli, bayan ruwa ya zauna, domin shukar ta samu wata uku tana kafa saiwa kafin iskar hunturu ta iso.