Allurar Botox a Damagaram: yadda na same ta

Wani likitan fata yakan zo daga Yamai lokaci-lokaci, yana duba mutane a wani asibitin kuɗi nan Zinder. Wajensa na yi allurar Botox saboda layukan goshina, waɗanda suka sa kullum ake tambayata wa ya ɓata mini rai.

Ba tiyata ba ce, babu yanka. 'Yar siririyar allura ce, maganin yana sassauta naman da ke tamuke fata. Amurka ta amince da ita don layin tsakanin gira tun 2002. Zafinta bai kai na cizon cinnaka ba. Ba a ganin canji nan take, sai bayan 'yan kwanaki, ya kankama cikin mako 2.

Abin da ya burge ni: a gabana likitan ya ciro kwalbar daga firji. Shi wannan magani, sanyi yake so, digiri 2 zuwa 8, kuma da zafin garin nan da ɗaukewar wuta, wanda aka yi ta yawo da shi a jaka ba abin yarda ba ne. Na tambaye shi batun leza, wato gyaran fata da na'urar haske, don tabon kumatuna, ya ce, "Hajiya, a baƙar fata takan ƙara duhu, ki fara daina man bilicin." Gaskiya na ji kunya.

Inda na ƙi: tsada, ga zaman jira tun hantsi har azahar. Kuma wata 3 zuwa 4 aikin ya baje, sai an sake biya. Goshin dai ya kwanta, girata tana motsi yadda ta saba.