Ozymandias biyu: ta Shelley ko ta Smith?

Mawaƙin Ingila Shelley da abokinsa Horace Smith sun yi gasar waƙa kan gunkin Fir'auna Ramses na Biyu, wanda Girkawa ke kira Ozymandias, kowacce layi 14, jaridar The Examiner ta buga su a 1818. To, wacce ta fi dacewa ɗalibai su karanta?

A ta Smith ƙafa ɗaya ce tsaye a hamada, sai mawaƙin ya hango wani mafarauci nan gaba yana yawo a kufan Landan. Darasin a fili yake, ɗalibi ba zai sha wuya ba.

Ni dai ta Shelley nake so a karanta. Ƙafafu biyu ba gangar jiki, ga fuska a farfashe cikin rairayi, leɓen har yanzu a murɗe da izza. Sarki yana cika baki, amma sai ta bakin matafiyi maganar ta iso mana, izzar kuma hannun masassaƙi ne ya adana ta. Nan kaɗai malami zai iya yin mako guda yana tonawa.