Yaya, ga labarin kanti da neman aiki a New York

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kuna lafiya. Ya jikin Hajiya? A gaishe ta da kyau, a ce mata man shafawar ƙafar yana hanya.

Kin ce in ba ki labarin kaya da tsada, tunda ɗanmu ya dage sai ya taho. To kaya dai akwai. A nan Bronx kantunan mutanen Ghana da Nijar da Gambiya ba abin da babu: kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, manja, doya, har gero. Sai dai kukar ta sha hanya, ƙamshinta bai kai na Kasuwar Rimi ba, kuma abin da kuke aunawa da kwano, nan a 'yar leda yake da farashi manne a jiki. Babu ciniki, babu gyara. Ba a ɗauke wuta, famfo ba ya ƙafewa, amma haya ke cinye mutum. A 2025 mafi ƙarancin ladan awa ɗaya dala 16.50 ne. Kar ki juya shi zuwa naira ki ce mun yi arziki, mai gida yana nan yana jiran ɗaya ga wata.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Farkon zuwana na je neman aikin kula da tsofaffi a wani kamfani. Matar da ta yi mini tambayoyi ta dubi hijabina ta ce tsofaffin za su tsorata, ko zan iya cirewa lokacin aiki? Na fito jiki a sanyaye, har na shiga jirgin ƙasa ina share hawaye. Ranar Juma'a na ba wata Hajiya 'yar zangon Kumasi labari a masallaci, sai ta dafa ƙirji ta ce, "Ke ƙanwata, wa ya ce miki tana da wannan ikon? Ai laifi ta yi!"

A bakinta na fara jin cewa birnin yana da dokarsa ta hana wariya, ban da ta tarayya, kuma ta fi ta tarayya tsauri. Dokar tarayya ta 1964 sai wurin aiki ya kai ma'aikata 15 take hawa kansa. Ta birni daga mutum huɗu take farawa, kuma tun Maris 2022 ko 'yar aiki ɗaya ce a gida dokar ta rufe ta. Akwai hukuma guda da aikinta ke nan. Ki kira 311 ki ce a haɗa ki da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta birni. Ba a biyan ko kwabo, ba sai da lauya ba, ba sa tambayar takardun zama. Shekara ɗaya ake ba mutum ya kai ƙara, tara kuma tana iya kaiwa dala 250,000 idan da gangan aka yi.

Ni dai ban kai ba. Tsoro ya hana ni, irin na baƙo mai ganin kowane ofis tarko ne. Har yau abin yana ci mini rai.

Abubuwan da dokar ta taɓo har mamaki suke ba ni. A 2019 hukumar ta ce hana mutum aiki saboda kitso ko gashinsa na baƙar fata wariya ce, haka ma yi wa ma'aikaci barazanar kira masa jami'an shige da fice don a wulaƙanta shi. Tun 2017 ba a tambayarki nawa ake biyanki a tsohon wurinki, tun Nuwamba 2022 kuma dole tallar aiki ta faɗi albashi daga nawa zuwa nawa. A 2023 aka ƙara hana wariya saboda tsayi da ƙiba. Da na ji wannan sai da na yi dariya, na tuna tallolin aiki na can gida Najeriya masu cewa kada mai nema ya wuce shekara kaza.

Kanti da gidan abinci da asibiti ma haka. Ba mai ikon mayar da ke don launinki ko addininki ko naƙasa. Tun 2020 an hana kanti ƙin karɓar tsabar kuɗi, saboda marasa asusun banki. Tasi mai ruwan ɗorawa kuwa dole ya kai ki ko'ina cikin birni. Mazanmu direbobi suna ƙorafi a kan wannan, amma da aka sha wuce ni a titi cikin sanyi sai na daina tausaya musu.

Mu ma a gida ai akwai rubutun. Sashe na 42 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana wariya, Buhari kuma ya sa hannu a dokar masu buƙata ta musamman a Janairun 2019. Amma ranar da mai gida ya hana ƙawarki haya don bazawara ce, ƙofar wa ta ƙwanƙwasa? Haƙuri kawai aka ba ta.

Kar ki ɗauka nan aljanna ce. Masu wayo ba sa faɗa a gabanki, cewa za su yi an riga an cika, za mu neme ki. Ƙara tana daɗewa. 'Yan sandan birnin da kansu sun sha cire wa mata hijabi don ɗaukar hoto bayan kamu, sai a 2024 birnin ya amince zai biya dala miliyan 17.5. Kuma da zarar mutum ya bar New York zuwa wata jiha, wasu daga cikin waɗannan kariyar ba sa bin sa.

Ki gaya wa ɗanmu, idan Allah ya kawo shi, ya saba da rubuta rana da lokaci da abin da aka ce masa, kuma kada ya goge saƙon waya na mai ɗaukar aiki. Sannan ya taho mini da kuka sabuwar daka, ban da kilishi, don a filin jirgi za a ƙwace.

Taki ƙanwa.