Mutum-mutumin da ke rikiɗa ya zama mota: wanne ya cancanci kuɗinka?

Kafin ka tambayi farashi, ka duba rufin motar. A wannan sana'a ta tara Transformers, wato kayan wasan da ke rikiɗa daga mota zuwa mutum-mutumi, yawancin ɓarnar daga nan take farawa. Kamfanoni kan zuba gilashin gaba da rufi da tagogi a dunƙule ɗaya na roba mai garai-garai, su shafa fenti a sama, sannan su sa gaɓar lanƙwasawa a jikin wannan robar. Roba mai garai-garai ba ta da haƙuri. Tana da tauri amma ba ta lanƙwasuwa, kuma da zarar ta fara tsagewa a kusa da ƙusar da ta ratsa ta, babu gam ɗin da zai mayar da ita yadda take. Duk abin wasan da nauyin bayansa ya rataya a kan irin wannan gaɓa, ka rage masa daraja komai kyawunsa a hoto.

Asalin waɗannan motoci daga Japan ne. Kamfanin Takara ya yi su a ƙarƙashin sunan Diaclone, sai Hasbro na Amurka ya ɗauko su a 1984 ya raɗa musu Transformers. Takara ya haɗe da Tomy a 2006, shi ya sa za ka ga Takara Tomy a kwalaye na yanzu. Zubin 1984 ɗin nan yana da ƙarfe a jiki da tayoyin roba mai laushi, amma hannuwa kaɗai ke motsi, kuma samun ɗaya daga cikinsu, kamar Prowl ko Bluestreak, da rufinsa bai karye ba sai an sha wuya. Na ajiya ne, ba na sabon shiga ba.

Wanda ya fi cancanta a wurina shi ne jerin Masterpiece na Takara Tomy, musamman motocin da suka fito daga 2012 zuwa 2014. Jerin, da ake taƙaita sunansa da MP, ya fara tun 2003 da MP-1, amma sai da aka fitar da MP-10, wato Optimus Prime na 2011 mai rikiɗa ya zama babbar mota, aka tsayar da ma'aunin girma, har ƙananan motocin suna shiga cikin tirelarsa. MP-12 Sideswipe ya zo a 2012 a matsayin jar Lamborghini Countach LP500S, da lasisin kamfanin motar. MP-17 Prowl ya biyo baya a 2013, Nissan Fairlady 280Z-T ce ta 'yan sanda, baƙi da fari. A 2014 aka samu MP-20 Wheeljack, Lancia Stratos Turbo ta tsere mai lamba 539, da MP-21 Bumblebee, Volkswagen ƙirar kunkuru, tare da ɗan mutum cikin sulke.

Abin da ya sa waɗannan huɗun suka yi fice shi ne gaskiyar ƙirarsu. A Sideswipe da Prowl, bonet ɗin da ka gani a mota shi ne ƙirjin mutum-mutumin. A Prowl ƙofofi ne ke buɗewa su zama fukafukai a bayan kafaɗa, bayan motar ya rabu biyu ya zama ƙafafu. Ɗauki MP-12 ka juya shi: ka ja bayan motar ya miƙe, ka buɗe gefen ƙafa ka fito da tafin, ka saukar da bonet a kan ƙirji har ka ji ɗan ƙas, kai ya fito. Wanda ya saba zai gama cikin 'yan mintuna ba tare da ya buɗe takardar bayani ba. Idan ka mayar da shi mota, layukan jiki suna haɗuwa, tayoyi huɗu suna taɓa tebur, ka tura ta ta gangara. Aibinsu ba ya ɓuya: tayoyin roba mai tauri ne, jan fentin wasu kofe na farko na MP-12 bai daidaita da jan robar ba, kuma madubin gefe na Wheeljack ƙanana ne da kai za ka maƙala, saurin ɓacewa gare su. Akwai kuma masu alamar + a gaban lamba, kamar MP-17+, waɗanda aka yi wa launi irin na katun ɗin Transformers. Mai son mota ta yi kama da ta kan titi ya nemi marar alamar.

Masterpiece na baya-bayan nan sun bi wata hanya. Tun daga wajen MP-39 aka koma kwaikwayon zanen katun sak, sai gaɓoɓi suka yi yawa, aka shigo da ƙirjin ƙarya da ake ɓoyewa a cikin mota. MP-44 na 2019 an sa masa yen 50,000, kuma juya shi aiki ne na zama. MP-47 Hound ya yi ƙaurin suna wajen karyewa. Bar su.

Idan aljihu bai kai ba, ajin Deluxe na Hasbro ne mafita: tsayi kamar santimita 14, ramuka masu faɗin milimita 5 da makamai ke shiga, mataki ashirin ko kusa da haka. Sideswipe na jerin Siege, 2019, da Wheeljack na Earthrise, 2020, suna da ƙarfi da daɗin juyawa. Jazz na Studio Series 86 kyakkyawa ne, sai dai shi ne misalin matsalar rufin nan, don haka a lallaɓa shi. Jerin Alternators da Binaltech na 2003, masu ma'aunin 1:24, sun fi kowa kyau a mota, da kujeru da sitiyari da inji, irin su Subaru Impreza da Mazda RX-8, amma juya su wahala ce, kuma fentin Binaltech mai jikin ƙarfe yana ɓarewa. Masu juyawa da mataki ɗaya da jerin Authentics na yara ne. Tobot na Koriya ta Kudu, da aka gina a kan motocin Kia, ya fi jure hannun yaro. Kamfanonin da ba su da lasisi amma ke zana nasu, kamar Fans Toys da Magic Square, suna da aiki mai kyau, sai dai ba tambarin Autobot, wato ɓangaren jarumai a katun ɗin, ba kuma tabbacin samun kayan gyara.

Sai babbar magana, wato jabu. Babu motocin da aka fi kwafa kamar waɗannan huɗun da na yaba. Ana kwafe kwali, da takardar bayani, da katin da ke ciki, har da rubutun Japananci. Wasu ma sunan kamfanin suke karkatarwa ya koma Takasa Tony, mai gaggawa ba zai lura ba. Masu sayarwa a intanet kan saka haruffan KO a ƙarshen dogon suna, ko su rubuta cewa ƙirar MP ce. Duk inda ka ga haka, jabu ne. Sabon MP-12 a rufe, da arha, kuma mai shago yana da guda hamsin, alhali an daina buga shi da daɗewa, shi ma amsar a fili take.

Kada ka yarda da hoton kamfani. Ka nemi hoton ainihin kayan, da takarda mai kwanan wata a gefe: gaban kwali, bayansa, fuskar mutum-mutumin daga kusa, da ƙasan motar. A jabu, hoton kwali kan yi duhu ko ya dushe saboda kwafar hoto aka yi daga wani kwalin. Tambarin Autobot a bonet kan karkace, farin layinsa ya yi kauri. Fentin fuska kan malala zuwa ido. Ƙusoshin gaɓoɓi kan leƙo ta gefe ɗaya, gefunan roba su yi ƙaiƙayi saboda ba a goge bakin zubi ba. Kwalin MP-12 na asali yana da sitika mai walƙiya ta lasisin Lamborghini. Rashinta alama ce mai ƙarfi, amma samunta kaɗai ba hujja ba ce. Zubin 1984 ma an kwafe shi da kwalinsa, ana sayarwa a matsayin tsohon kaya da ba a taɓa buɗewa ba. Tsohon kwali mai shekara arba'in da ke sheƙi kamar jiya aka buga shi abin tuhuma ne.

A kayan hannu akwai wata yaudarar: a saka jabu cikin kwalin asali, ko a haɗa rabi da rabi. Ka tambayi makamai ɗaya bayan ɗaya, ka nemi bidiyon da aka juya shi daga mota zuwa mutum. Farin tabo a kusa da gaɓa yana nufin robar ta gaji. Tsofaffi masu roba ruwan zinariya mai walƙiya, na ƙarshen shekarun 1980 da na 1990, sukan marmashe a hannu ko ba a matsa ba. Mai oda daga Kano ko Maraɗi ya tuna cewa mayar da kaya ƙetare kan ci kuɗin da ya kusa farashinsa, don haka binciken kafin biya ne.

Idan ya iso, kada ka tilasta gaɓar da ta ƙi motsi. Sassauta sukurunta da kwata ɗin juyi, da sukudireba da ta zauna daram, don kawunan suna saurin cinyewa. Ka ajiye shi a kabad mai gilashi nesa da taga, domin rana tana mayar da farin Prowl da Wheeljack ruwan ɗorawa, ƙurar hunturu kuma tana shiga gaɓoɓi ta goge su har su saki.