Shagon da ya gano min asalin bak-aksil ɗin motata a Gombe

Jama'a bari in ba ku labarin wani shagon kayan gyaran mota a nan cikin Gombe, don wlh mutumin ya cire min ƙaya. Ina da wata tsohuwar Hilux mai noti shida, na saye ta hannu na wajen uku ko huɗu, da ita nake ɗauko masara da wake daga Kumo da ƙauyukan gefen Dukku. Kwanakin baya birkin baya ya fara kuka, ka taka sai ka ji ƙiii kamar ana wasa wuƙa, ga man birki yana raguwa a kwalba. Duk wanda ya san gangaren shigowa Gombe ta hanyar Bauchi ya san ba wajen da za ka shiga da buhu goma sha a baya ba ne kana fatan alheri kawai.

Na kai wa makanikena ya kwance, ya ce lainin birkin ya cinye har ƙarfe, wil silinda na gefen dama (abin da man birki ke shiga ya tura lainin) kuma yana yoyo. Toh abu mai sauƙi ai, na hau mashin na je na ce a ba ni lainin baya na Hilux. Aka ba ni, muka zo ɗaurawa ya yi girma, ko kusa bai shiga duram ba, wato kwanon ƙarfen da lainin ke gogawa a ciki. Na mayar, da ƙyar da roƙo aka canza min da wani ƙarami, shi kuma ya zo kamar zai zauna amma ramukan sifirin ba su hau ba, hannun birkin hannu ma wani waje daban yake kallo. Kwana biyu mota na kan jak. Wani mai shago har ce min ya yi in kai wa mai walda ya huda sabon rami a wuce wajen. A birki fa jama'a!

Wani direban akori-kura ne ya ce in je wajen wani dattijo a layin masu kayan gyara, ya ce amma kar ka je hannu sake, ka ɗauki duram ɗin da tsohon lainin da noti ɗaya na tayar baya. Na yi haka. Shagon ƙarami ne, duhu, kaya har rufi, idan ba kwatance aka yi maka ba za ka wuce shi sau biyu. Na yi sallama na ce Baba lainin Hilux nake nema. Ko ɗaga kai sosai bai yi ba, ya ce "Alhaji ajiye sunan motar tukuna, miƙo ƙarfen."

Abin da ya fara ɗauka noti ne, ba ma lainin ba. Ya jawo wani boti na tayar Toyota ya gwada, zagaye ɗaya da rabi ya cije. Ya jawo na Nissan, sai ga shi yana tafiya sumul har ƙasa. Ya ce zaren Toyota 1.5 ne, na Nissan 1.25, kauri ɗaya ne milimita 12 amma zaren Nissan ya fi sirantaka. A nan na tuna wata rana mai faci ya taɓa yi min mita wai notin gaba ya ƙi shiga baya, ni kuma na ɗauka zaren ne ya lalace, ashe tun lokacin motar ke gaya min gaskiya ban ji ba.

Sai ya ɗauko ma'auninsa ya auna ramin tsakiyar duram, ya ce 100, alhali na Hilux 106 yake. Ya auna cikin duram ɗin inda lainin ke gogawa, 260. Shi ne ya fahimtar da ni abin da ya faru: na farkon da na sayo na duram 295 ne, na biyun na 254, bambancin milimita shida kawai shi ya sa ya yi kamar zai zauna. Ya sa yaronsa ya goge tsatsar bakin duram da buroshin waya, sai ga rubutu ya fito, iyakar faɗin da duram zai kai kafin a jefar da shi, ni shekara nawa ban san akwai rubutu a wajen ba. Wil silinda ma ya nuna min girmansa a jikinsa ake zubawa, irin su 7/8 ko 15/16, ya ce kar in yarda a sa min girma daban-daban hagu da dama, mota za ta riƙa fizga gefe guda.

Na ce to Baba ya aka yi rim ɗina ke shiga? Ya yi dariya ya ce Hilux, Nissan, Isuzu, L200, duk tazarar noti shidansu ɗaya ce, 139.7, shi ya sa idan bak-aksil ya mutu a daji mutane ke ɗaura wanda suka samu, a yanke kujerar sifirin a sake walda. Ya ce in na koma in leƙa ƙasa. Na leƙa kuwa, ga walda nan ɓaro-ɓaro irin ta gareji, ba ta kamfani ba. Wato sama Toyota, ƙasa Nissan. Wannan farantin da ke cikin bonet mai lambar aksil, wanda na ɗauka a hoto ina ta nuna wa masu shago, na aksil ɗin da aka cire ne tun ban san motar ba.

Yanzu ɓangaren da bai min daɗi ba. Kayansa da tsada, lainin da ya ba ni ya fi na sauran kuɗi sosai kuma ba ya ragi, in ka cika ciniki sai ya mayar da kaya kan kanta ya ci gaba da jin rediyonsa. Ba ya karɓar tiransifa sai ka je POS ka ciro, wajen zama babu sai wata tsohuwar kujerar bas da sifirin ya fito. Wil silinda ɗaya kawai gare shi a lokacin, ni kuma biyu nake so, sai da na jira kwana uku aka kawo daga Kano. Amma ya ce in bai hau ba in dawo da shi matuƙar ba a ɓata ba, kuma bai karɓi ko sisi na aunawa ba duk da ya ɓata kusan rabin awa a kaina. Lainin ya hau ɗaurawa ɗaya, birkin hannu da na manta da shi ya dawo yana riƙewa. Maki huɗu cikin biyar na ba shi, ɗayan na cire saboda tsada da kujerar nan.

Da zan tafi ya ƙara min wata, ya ce kar in kuskura in sa giyar tayoyi huɗu a kan kwalta sai na tabbatar juyin gaba da na baya ɗaya ne, in ba haka ba giyabos zai sha wahala. Wai a ɗaga tayar baya ɗaya, a sa alli a furofela (dogon ƙarfen da ke kai juyi zuwa aksil), a juya tayar sau biyu a ƙirga sau nawa furofela ta zagaya, haka ma a gaba. Wannan kam har yau ban yi ba, makanikena ya ce sai ranar Asabar. Lambobin dai na rubuta su a bayan kwalin lainin na jefa a aljihun dashbod, 260, 100, 1.25.